Barewar da Ke Ƙarƙashin Baƙin Fenti

Ni na shafa wa babur ɗin baƙin fenti. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya kai tsakiyar labari ya fara tausaya mini.

Sunana Rachidou, mutumin Damagaram. Shekarata ashirin da ɗaya a Sabha, can ƙasar Larabawa ƙetaren hamada, ina walda da gyaran jikin mota a garejin Hamed da ke unguwar Manshiya. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin da gari ya rikice unguwa tana harbin unguwa, ƙanen Hamed ya shigo gareji da azahar da wata akori-kura, an rufe bayanta da tamfol. Da aka yaye sai ga babur irin na tsere, tsohon ƙirar Japan, ja da fari, irin wanda mahayi ke kwanciya a kan tankinsa in ya ɗauki gudu. A jikin tankin an zana barewa da hannu tana tsalle. A kan kujera akwai wani abu da ya bushe, kuma ni na san mai, na san abin da ba mai ba.

Hamed ya miƙo mini gwangwanin fentin da muke shafa wa ƙofofin ƙarfe da wani burushi mai zubar gashi. Ya ce in rufe komai kafin la'asar. Ban tambayi na wane ne ba. Na shafa, fenti yana zuba yana yin hawaye a jikin ƙarfe, na shafe barewa, na wanke kujera. Aka kai babur gonar Hamed da ke ƙauyen Ghuddwa aka kulle a ɗakin ajiyar dabino. Ƙanen nan nasa ya mutu a wani faɗan bayan shekara biyu, saboda haka mu biyu muka rage da sanin zancen, kuma ko sau ɗaya ba mu taɓa tayar da shi ba.

Sai Allah ya kawo mini Illia.

Mutumin Tasawa ne, siriri, mai yawan murmushi, na ba shi shekara goma sha biyar. Ya zo garejin shekara shida da suka wuce a matsayin makaniki. Ni na samo masa katifa a gidan Hamed da ke bayan gareji, inda mu 'yan Nijar kusan arba'in muke haya, magina da 'yan gona da masu zaman jiran aikin yini a bakin titi. Ni na koya masa inda ake bi da inda ba a bi. Larabci ne kawai ya ƙi shiga kansa. Bayan shekara shida bai wuce na sayen burodi da sunayen sufana ba, kome zai yi sai ya ce a kira Yaya Rachidou.

Amma hannu, Allah ya ba shi. Inji in ya zo yana tari, Illia ba ya gaggawar kwancewa. Sai ya ɗora tafinsa a kai, ya karkatar da kai, ya ce abu kaza ne, kuma abin ne. Kafin zuwansa in Balarabe ya shigo gareji ni yake nema. Bayan shekara ɗaya sai su wuce ni ina tsugune da gilashin walda su ce, ina Illia? Na ji haushi, ba na ɓoyewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai ma san ina jin haushin ba, kullum da safe sai ya kawo mini shayi.

Bara Hamed ya sa gonar Ghuddwa a kasuwa. Ya ɗauke mu mu biyu mu je mu kwance injin ban ruwa da janareta. Muna neman igiya Illia ya tura ƙofar ɗakin dabino, sai na ji shiru ya yi yawa. Da na leƙa na same shi a durƙushe, ya yaye buhunan da aka lulluɓe abin da su. Tayoyi sun tsage sun zauna, ƙura ta yi kauri har ana iya rubutu a kai, ɓeraye sun cinye kujera. Shi kuwa kallonsa yake yi baki a buɗe.

"Yaya," ya ce, "ka san ko mene ne wannan?"

"Ƙarfen bola," na ce. "Taso mu tafi."

Ko a jikinsa. Ya ciro buji biyun, wato fulogin inji, ya ɗiga baƙin mai a ramukan, ya jira, ya sa giya ya girgiza babur a hankali. Wani abu ya motsa a ciki.

"Bai kafe ba! Wallahi bai kafe ba. Yaya, shekara goma sha huɗu ina gyaran moton China da janareta. Ban taɓa sa hannu a inji irin wannan ba. Ka yi wa maigida magana."

Haka yake kiran Hamed, maigida. Bai taɓa kama sunansa ba, ko a bayan idonsa.

Na yi fatan Hamed ya ƙi. Amma Hamed mutum ne da ba ya iya ganin kuɗi suna wucewa ya ƙyale, ga shi kuma dole a kwashe ɗakin kafin mai sayen gona ya zo. Ya kalle ni, na kalli ƙasa. Shekara goma sha ɗaya ai ba kwana goma sha ɗaya ba ne, ina jin haka ya lissafa. Ya yanka kuɗin da ya kai albashin Illia na wata uku, Illia bai ko taya ba. Sannan Hamed ya ɗaga yatsa, ya yi magana da Hausarsa ta kasuwa da ya tsinta wurin direbobi.

"Kai gyara, kai sa mota, moto tafi Nijar. Nan Sabha, hawa babu. Ka ji?"

"Na ji, maigida."

A hanyar komawa Hamed ya ce mini da Larabci, a hankali, "Fentin nan ya zauna yadda yake. Wuyanka ne." Na ce to.

Illia ya kai babur ƙuryar gidanmu, bayan bandaki, inda Hamed ba ya taɓa takawa saboda wari. Ya kafa rumfa da tsohon kwano. Daga ranar ba shi da hira, ba shi da kallon ƙwallo. In an tashi aiki sai ya shige rumfa har a kira magariba, ranar Juma'a kuwa tun daga asuba. Ya kwance shi har ƙusa ta ƙarshe, ya jera komai a kan tabarma, kowane noti da gwangwaninsa. A akwatin iska ya sami gidan ɓera da ƙwallon dabino cike da kwano guda. Tanki ya yi tsatsa a ciki, sai ya zuba masa tsakuwa da gas ya toshe, ya yi ta girgizawa kwana huɗu har kafaɗunsa suka ƙage. Wayoyin wuta duk ya sake su ɗaya bayan ɗaya, yana bin launin na asali. Zoben fistan babu irinsa a Sabha kaf, sai da ya haɗa da wani direban babbar mota, Barka, wanda ya tafi da tsohon zoben zuwa Agadas, daga can aka aika Kano, aka yi wata biyu kafin ya dawo. Ranar da Barka ya kawo su Illia ya saya wa gida duka lemo.

Ni kuwa ina zaune ina kallon tankin a rataye a ƙusa, baƙi ƙirin, ina gaya wa kaina gobe zan ja shi gefe in faɗa masa. Wallahi na yi niyya. Har na zaɓi rana, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Ranar muna zaune mu goma sha a kan tire ɗaya na taliya, sai Illia ya tashi ya ɗauko tankin ya ajiye a tsakiyarmu.

"Don Allah jama'a ku duba mini. Wane jaki ne ya yi wannan fenti?"

Aka fara dariya.

"A'a, ku duba da kyau. Fentin ƙofa ne fa! Ga gashin burushi nan a manne, ga inda ya zuba ya bushe. Ko akuya aka ɗaura wa burushi a wutsiya za ta fi wannan. Yaya Rachidou, kai ne mai sana'ar, don Allah mutumin da ya yi wannan ai bai kamata a bar shi ya shafa wa kabarin kare farar ƙasa ba, ko?"

Wani magini har da ƙwarewa, ana buga masa baya. Ni ma na yi dariya, na ce ai kam jaki ne. Shekara ashirin da ɗaya ina fesa wa motoci fenti a garin nan, ba wanda ya taɓa dawo mini da aiki. Na so in ce masa, kai da a ce kai aka ba sa'a biyu da bindiga a jingine da bango, da ko burushin ba za ka iya riƙewa ba. Ban ce ba. Na cinye taliyata na wanke hannu, na ce a raina to gwani, je ka gano da kanka.

Wani makanikin da sai ya watsa wa tankin ruwan cire fenti ya kankare har ƙarfe, ya fesa sabo, shi ke nan an huta. Illia ba haka yake aiki ba. Shi a wurinsa duk abin da aka kawo masa sai ya mayar da shi yadda yake tun farko, ko janareta ne. Ya sayi takardar gugar ƙarfe mafi laushi, ya jiƙa ta da ruwan sabulu, ya riƙa bin baƙin fentin da yatsa biyu, kullum faɗin tafin hannu. Ja ya fara fitowa. Fari ya biyo. A mako na uku ya kira ni da gudu.

Ƙaho ne ya fito, da rabin ido.

Na ce, "Illia, mayar da baƙin. Ni zan fesa maka mai kyau, kyauta. Baƙi ake yayi yanzu."

"Haba Yaya." Ya shafa wurin da babban yatsa. "Wannan ba na kamfani ba ne. Wani ne ya zauna ya zana da hannunsa, dubi yadda ya bi wuyan. Ina ni ina binne aikin mutum?"

"Na ce ka mayar."

"Me ya sa?"

Nan ne wurin. Kalma goma sun isa. Amma in na faɗa dole in ce ni ne jakin, kuma dole ya tambayi abin da na wanke a kujera. Na ɗaga kafaɗa na ce kuɗinka ne, na koma ɗaki.

Ya fito da barewar duka. Inda fentina ya cinye ta ya cike da ɗan siririn burushi da ya haɗa da gashin kyanwa, ya bi layin mai zanen bai ƙara ko ɗigo ba. Ya ɗinka sabuwar kujera, ya goge ƙarafa har suna ɗaukar ido. Wata bakwai cif. Ranar tayarwa duk gida aka taru. Ya taka sau ɗaya, shiru. Sau biyu, tari. A na uku injin ya kama da wata ƙara mai kaifi kamar ana yaga sabon yadi, shuɗin hayaƙi ya cika tsakar gida. Mutane suna kabbara, Illia yana kuka yana dariya. Ni kaina tsikar jikina ta tashi. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ya fito daga hannun ɗan'uwanmu ba, kuma ban taɓa tsanarsa kamar ranar ba.

Barka zai koma Agadas bayan wata guda da rabi, an riga an shirya zai ɗauki babur. Na fara samun barci. Sai Illia ya ce ai injin da aka sake wa zobe ba a ɗaure shi a mota haka nan, sai an yi masa rodaji, a hau shi a hankali ya yi tafiyar kilomita ɗari biyar zoben ya zauna.

"Maigida ya ce ba hawa," na ce.

"Safiyar Juma'a kawai, Yaya, gari yana barci. Hanyar Tamanhint, in je in dawo. In na kai shi gida danye ya kafe a hannuna, da wane ido zan kalli mutane?"

Zan iya zuwa in gaya wa Hamed. To amma Hamed zai zo ya ga barewa, ya tambaye ni ina nake aka cire fenti. Ban je ba. Juma'a ta farko ya dawo da ƙwari a haƙora yana washe baki. Ta biyu ma haka. Ta uku aka sauko daga masallaci babu Illia.

Da la'asar motoci biyu suka tsaya a ƙofar gareji. Wani ƙato mai gemu ya fito, ya ce sunansa Zulkiflu, ɗan Haj Abdallah. Ya ce sun kama wani baƙo a layin shan fetur a kan babur ɗin ƙanensa Salah, wanda ya fita sayen magani shekara goma sha ɗaya da suka wuce bai dawo ba. Sun tambayi baƙon inda ya samu, ba abin da yake cewa sai na saya, na saya, a kira Rachidou.

Na san dalili. Ni na koya masa: baƙo ba ya kama sunan ɗan gari a gaban ɗan gari, sai da naka a kusa wanda ya san yadda zai jera magana.

Hamed ya ce yaron ma'aikacinsa ne, shi ma zai zo ya ji. Muka zauna a bayan mota. Ya gaida mutanen da Hausa kamar wasa, ya ga ba wanda ya ji, sannan ya juyo gare ni yana murmushi kamar muna hirar farashin taya.

"Ni moto, kai fenti. Kai faɗi suna, ni mutu, kai mutu. Kai farko."

Babur yana tsakar gidan Haj Abdallah, an kafe shi a inuwa. Daga ciki ana jin kukan mata. Aka shigar da mu marbu'a, ɗakin baƙin maza, katifu a jere da bango. Illia yana zaune a ƙasa a tsakiya, leɓensa ya fashe, amma da ya gan ni sai fuskarsa ta saki, ya yi ajiyar zuciya. Hamed ya zauna kusa da ni ya ɗora hannu a gwiwata.

Haj Abdallah tsoho ne ƙarami, tsohon malamin makaranta, muryarsa ba ta tashi. Ya sa aka ba Illia ruwa. Sannan ya ce mini in fassara masa kalma da kalma.

"Ka gaya masa ɗana ne ya zana barewar nan yana da shekara goma sha tara. Ka gaya masa na duba, na ga inda aka rufe ta da baƙi, na ga inda aka fito da ita. Wanda ya kashe ba ya tone abin da ya binne ya hau yana yawo da shi da rana. Na san ba shi ba ne. Ba na neman jini, na tsufa da wannan. Uwarsa tana so ta san inda yake ta kai masa addu'a. Ya ba ni sunan wanda ya sayar masa, ya tashi ya tafi yanzu, in biya shi abin da ya kashe."

Na fassara wa Illia daidai. Idonsa ya cika da hawaye. Bai kalli Hamed ba, ya sunkuyar da kai saboda kunya.

"Allahu akbar. Yaya, ka faɗa masa gaskiya. Maigida ne ya sayar mini, a gonarsa, kana wurin. Na tabbata shi ma saya ya yi bai sani ba. Ka jera maganar yadda ba za a ci mutuncinsa ba, kai ka iya."

Yatsun Hamed suka nutse a gwiwata.

Na juya ga tsohon. Larabcina bai taɓa fita sumul kamar ranar ba. Na ce ya ce a wurin wani direba ya saya, mai wucewa, a bakin hanyar Ghuddwa, bai san sunansa ba, bai sake ganinsa ba. Na yi sauri don kada Illia ya tsinci ko kalma.

Tsohon ya daɗe yana kallona. "Duk maganar da ya yi, wannan ce?"

"Ita ce, Haj."

"Mutum ya ba da albashin wata nawa ga wanda bai san sunansa ba?" in ji Zulkiflu. "Baba, yana rufa wa wani asiri ne. Ka bar mana shi."

Haj Abdallah ya rufe ido. Da ya buɗe ya zama wani mutum, ya tsufa a zaune. Ya tashi da ƙyar ya ce, "Na ba shi ƙofa ya ƙi." Ya shige cikin gida.

Illia yana kallon fuskoki ɗaya bayan ɗaya. "Yaya, me ya ce? Zan tafi?"

Sai na ga ramin da na bari. Da zarar mun fita suka taɓa shi zai ce Hamed, suna ai ba ya buƙatar tafinta. Na matsa kusa da shi na dafa kafaɗarsa kamar mai lallashi.

"Na faɗa wa tsohon, ya ji. Ya ce manya za su zauna su sasanta a asirce. Amma samarin nan ba a gaya musu ba, kansu da zafi. Za su riƙe ka kwana biyu su tambaye ka. Illia, in ka kama sunan maigida a gabansu, yau ɗin nan za su je Manshiya da bindigogi, kuma gidanmu za su fara ƙonawa. Mutum arba'in. Ka ji ni? Kome suka yi, kada ka ba su suna."

"Kwana biyu?"

"Kwana biyu."

"To, Yaya. Allah ya saka maka."

Kwana tara suka riƙe shi.

A gida na ce wa jama'a maganar takardu ce, ana kan sasantawa. Suka haɗa addu'a, ni na ja. A rana ta biyar Zulkiflu ya wuce ta ƙofar gareji a kan babur ɗin, a hankali, yana kallon ciki. Injin yana tafiya lafiya lau, ko tari babu. Hamed ya shige ofis ya kulle, ni na sauke gilashin walda na rufe fuskata na yi ta ƙona ƙarfen da ba ya buƙatar walda. Tsoro nake ji kowace safiya, ba na Illia ba, tsoron kada ya gaza. Na yi ta roƙon Allah ya ba shi ƙarfin zuciya, kuma na san don wa nake roƙon.

Bai gaza ba. A rana ta goma da hantsi wata mota ta tsaya, aka turo shi waje, ta wuce. Daga baya na ji tsohon ne ya ce ya isa haka. Ya rame ya yi baƙi, yana tafiya a karkace. Hannayensa biyu an naɗe su da tsumma, yana riƙe da su a ƙirji. Da muka warware sai wani daga cikin maginan ya fita waje ya yi amai. Da ƙofar mota suka yi, yatsa bayan yatsa. Mai ɗori ya zo ya duba, ya ɗaure abin da zai ɗauru, ya ja ni gefe ya ce cokali wataƙila, nan da shekara, amma sufana kam sai dai a lahira.

Ni na riƙa ba shi abinci a baki. A loma ta farko ya matso da kansa kusa da kunnena.

"Ban faɗa ba, Yaya. Ko harafi. Manyan sun zauna?"

"Sun zauna," na ce. "An gama."

"Alhamdu lillahi. Ba a taɓa kowa ba?"

"Ba a taɓa kowa ba. Buɗe baki."

Bayan mako biyu Hamed ya aiko a kawo shi ofis. Ya ce in tsaya in fassara, don Hausarsa ba za ta ɗauki maganar ba. Bai ba Illia kujera ba. Ya ce gareji ba asibiti ba ne. Ya ce ya gargaɗe shi a gaban shaida kada ya hau babur a Sabha, ya saɓa, ya jawo masa idon mutane a wurin sana'arsa. Ya ce katifar da yake kwana a kai ta ma'aikata ce, akwai sabon makaniki da zai zo jibi. Motar Barka za ta tashi gobe da safe, ya shiga, kuma kada ya sake ganin ƙafarsa a Manshiya.

Wannan karon na fassara daidai, ban rage ko kalma ɗaya ba.

Illia ya tsaya yana kallon maigidan nasa, ya daɗe, sannan ya juyo gare ni.

"Ka gaya masa abin da na riƙe saboda shi? Ya san kwana tara ne?"

"Ya sani."

"To me ya ce?"

"Abin da na faɗa maka."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya juya zai fita, sai ya tsaya a bakin ƙofa, don a rufe take kuma ba shi da abin murɗa ta. Ya jira. Hamed ya riga ya koma kan wayarsa. Na zagaya na buɗe masa.

"Na gode, Yaya," ya ce.